Binciken bayanan asibiti da manhajar DHIS2 a Birnin Gwari

DHIS2 manhaja ce da Jami'ar Oslo ke kula da ita, kuma a cikinta Najeriya ke tara bayanan asibitoci. A Birnin Gwari, yammacin Jihar Kaduna, cibiyoyin lafiya kan miƙa rahoton wata-wata, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar da shi cikin manhajar. Masu bincike sai su gwada alƙaluman da rajistar asibiti, musamman ta rigakafi, awon ciki da haihuwa.

Manhajar tana tona wanda ya makara da rahoto, amma tabbatar da an yi aikin sai an je da ƙafa. Nan gizo ke saƙar: hare-haren 'yan bindiga daga dazukan Kamuku da Kuyambana sun hana zuwa ƙauyuka da dama kafin sulhun da aka yi da su a Nuwamban 2024.