Sunan Hausawi Da Awon Yawu

Jama'a, samarinmu na Mada'in Fahad sun shiga wani sabon abu: mutum ya goge cikin kuncinsa da auduga, ya aika Amurka, a auna ƙwayar halittarsa da ake kira DNA, wai don ya san kakansa. Tun 2000 wani kamfani na birnin Hustan, FamilyTreeDNA, ya ke wannan aiki. To, kafin a kashe riyal, ya kamata a san inda sunan ya fito.

Hausawi, Fallata, Barnawi, ba sunan kaka guda ba ne irin na kabilun Larabawa. Nisba ce zuwa ga ƙasa ko jinsi. Kakanninmu da ƙafa suka zo, wani ya yi shekaru yana noman auduga a Sudan kafin ya sami kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da yawa suka yi gabas. Ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, Alfa Hashim kuwa ya wuce Madina, can ya zauna yana karantarwa har ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Da Bakano, da Bagobiri, da bawan da aka 'yanta a hanya, duk wanda ya buɗe baki da Hausa sai a rubuta shi Hausawi.

Awon nan kuwa zare guda ya ke bi, watau abin da uba ke ba ɗansa namiji, shi kuma ya ba nasa. Uwaye mata ba su cikin wannan lissafi. A wani bincike na 2008, cikin Hausawan Sudan da aka auna, wajen kashi 40 cikin 100 suka faɗa reshen da ake kira R1b, sauran suka warwatsu cikin waɗansu rassa. Ashe Hausawi biyu su saɓa a awo ba abin kunya ba ne. Yana iya nuna gida biyu sun haɗa kaka, amma ba ya faɗin sunansa ko ƙofar da ya fito a Katsina.

Malamai ba su ƙi duba alama ba, gama Mujazzizu ya dubi ƙafafun Zaidu da Usamatu ya ce jini ɗaya ne, Annabi (S.A.W.) ya yi farin ciki. Amma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 2002 ta hana a sa wannan awo don binciken nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a. Ta yarda da shi ne ga wanda ba a san ubansa ba, ko jariran da suka cakuɗe a asibiti.

Tsofaffin da suka san wane ya haifi wane kuwa, rushe Karantina da Gulail da Sabil da aka yi tsakanin 2021 da 2022 ya raba su unguwa unguwa.