Ɗaukewar Fitsari ga Mai Amai da Gudawa: Nazarin Ruwan Jiki da Tacewar Ƙoda Bisa Annobar Masar ta 1947

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da ke samun ƙoda idan jiki ya rasa ruwa da gishiri cikin gaggawa. Madogararta ita ce annobar kwalarar da ta afka wa Masar a 1947 da binciken da aka gudanar a Alƙahira a lokacin. Matsayar maƙalar ita ce, ɗaukewar fitsari ga mai amai da gudawa alama ce ta ƙarancin jinin da ke isa ƙoda, kuma maganinta a mayar wa jiki abin da ya fita, gwargwadon yawansa da irinsa, kafin ƙodar ta lalace.

Rabon ruwa da aikin ƙoda

Kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin baligi ruwa ne, wato kimanin lita 42 ga mai nauyin kilo 70. Kashi biyu cikin uku na wannan ruwa yana cikin ƙwayoyin halitta, sauran yana wajensu, kuma lita 3 kacal daga ciki ne ruwan jini da ke zagayawa a jijiyoyi. A kan wannan 'yar lita 3 rayuwar ƙoda ta rataya.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ake kira nefuron. Kowace matata dunƙulen siraran jijiyoyi ce haɗe da dogon bututu. Ƙodojin biyu suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa, suna tace kimanin lita 180 a yini, amma fitsarin da ke fita bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duka bututun ne ke tsotse shi ya mayar cikin jini. Ƙarfin turin jini ne ke tafiyar da tacewar. Muddin matsakaicin turin bai yi ƙasa da kimanin 80 a ma'aunin jini ba, ƙoda tana iya daidaita kanta. Idan ya faɗi ƙasa da haka, tacewa sai ta bi shi.

Kafin a kai nan jiki yana da garkuwa. Ƙoda tana sakin sinadarin renin, wanda ke haifar da anjiyotensin, shi kuma ya matse jijiyar da ke fita daga matata don turin cikinta ya ɗore. Aldostiron yana sa bututu ya riƙe sodiyam, homon mai hana fitsari da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa kuma ya sa a riƙe ruwa. Wannan tsari ya wadatar ga mai azumi a zafin bazara. Ga kwalara kuwa bai isa ba, domin baligi yana iya zubar da kusan lita guda cikin awa ɗaya.

Abin da aka gano a Abbasiyya

Annobar ta ɓulla a watan Satumba na 1947 a garin Ƙurain da ke lardin Sharƙiyya, ta bazu cikin makonni, ta kashe fiye da mutum dubu goma kafin ta lafa a ƙarshen shekarar. A lokacin sojojin ruwan Amurka suna da cibiyar binciken lafiya mai suna NAMRU-3 a unguwar Abbasiyya ta Alƙahira, kusa da asibitin zazzaɓi, wadda aka kafa a 1946. Shugabanta, Robert Phillips, ya zo da wata dabara da suka ƙirƙiro da Donald Van Slyke a Cibiyar Rockefeller lokacin Yaƙin Duniya na Biyu: a jera kwalabe masu shuɗin ruwan sinadarin kofa-salfet, kowace da nata kaurin, a ɗiga jini ko ruwan jini a ciki. Kwalbar da ɗigon ya tsaya a tsakiyarta, bai nutse ba bai taso ba, ita ce ta nuna nauyinsa.

Amfanin wannan awo a bayyane yake. Gudawar kwalara tana kwashe ruwa da gishiri, ta bar furotin da jajayen ƙwayoyi a baya, sai jini ya yi kauri kamar kunun da aka bari a wuta. Nauyin ruwan jinin mai lafiya yana kusa da 1.025, na mai kwalara mai tsanani kuwa yana iya kaiwa 1.040. Daga wannan tazara likita zai lissafa yawan ruwan da za a ƙara ta jijiya, ya daina cinta. Ƙarin ruwa ga mai kwalara ba sabo ba ne, domin Thomas Latta ya gwada shi a Sukotilan tun 1832. Abin da aikin Alƙahira ya ƙara shi ne awo, kuma a ganin wannan nazari nan ne darajarsa take. Likitocin da suka gabata sukan ƙara ruwa kaɗan, su tsaya da wuri, mara lafiya ya farfaɗo na ɗan lokaci, sannan ya rasu bayan kwanaki da mutuwar ƙoda. Dalili shi ne bututun matata yana cin iskar oksijin da yawa, kuma idan jini ya daɗe bai ishe shi ba ƙwayoyinsa sai su mutu. Daga nan ko an cika jijiyoyi da ruwa, fitsari ba zai dawo nan take ba.

Irin ruwan ma yana da muhimmanci. Gudawar tana ɗauke da bikabonet da fotashiyam masu yawa, shi ya sa jini ke yin tsami, numfashi ya yi zurfi, tsoka ta riƙa murɗawa. Ƙodar da ke samun jini ita ce ke gyara wannan tsami, don haka a yau aka fi son ruwan Ringa mai laktet a kan ruwan gishiri zalla. Phillips da kansa ya ga sharrin kuskuren haɗi: a Manila a 1962 an gwada ruwan sha na gishiri da gulukos wanda kaurinsa ya wuce kima, wasu marasa lafiya suka rasu, ya ja da baya daga hanyar. Wasu suka gyara ma'aunin a Daka da Kalkata. Masar ta rungumi wannan ruwan sha a shekarun 1980 ta wani shirin ƙasa na yaƙi da gudawar yara, har jarumar fim Karima Mukhtar ta riƙa koya wa iyaye mata haɗa shi a talabijin. Tun 2002 haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi yana da sodiyam 75 da gulukos 75 a ma'aunin milimol cikin kowace lita.

Tasiri ga asibitocin ƙasar Hausa

A 2021 Nijeriya ta samu fiye da mutum dubu ɗari da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da dubu uku suka rasu, kuma jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Injin wankin ƙoda ya yi nisa da mai jinyar karkara, saboda haka kare ƙoda a awannin farko shi ne abin da ke hannu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligin da ya galabaita ita ce a ƙara masa ruwa ta jijiya mililita 100 ga kowane kilo cikin awa 3, a ba da kashi 30 cikin ɗari na farko cikin rabin awa. Gado mai rami da bokiti mai awo a ƙarƙashinsa yana nuna abin da ke ci gaba da fita.

Abubuwa biyu suna damun mai wannan nazari ƙwarai. Na farko, bai wa wanda fitsarinsa ya ɗauke allurar sa fitsari irin furosemide alhali jijiyoyinsa babu ruwa, wanda ƙara masa asara ne. Na biyu, magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis saboda murɗawar tsoka. Suna toshe sinadaran da ke buɗe jijiyar shiga matata, a daidai lokacin da ƙoda ta dogara da su. Ya kamata ma'aikacin jinya ya tambayi dangi abin da aka sha a gida, ya kuma rubuta a kati lokacin da mara lafiya ya yi fitsarin farko bayan fara ƙarin ruwa, da yawansa. Idan awa 6 zuwa 8 suka wuce babu fitsari bayan bugun jini ya dawo da ƙarfi, a rage gudun ruwan don kada ya cika huhu, a tura shi babban asibiti a auna kiriyatinin da fotashiyam.