Matamaye da malamin gona: wa aka ɗauka manomi?

Matamaye ba baƙuwar malamin gona ba ce. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta jingina arzikin ƙasa da gyaɗa, wadda mu a nan muke kira gujiya, kuma Matamaye da Magariya suna cikin manyan rumbunanta. A 1962 aka kafa SONARA don saye da fitar da ita waje, aka kafa UNCC don ba da bashi da tsara ƙungiyoyin gama kai. Har masana'antar matsar mai aka yi a garin. Shi ya sa da aka fito da shirin wayar da kan mutanen karkara, wanda ake kira animasiyo, tare da wata cibiyar Faransa mai suna IRAM, Matamaye na cikin wuraren farko da aka gwada shi.

A takarda shirin ba shi da makusa. Kowane gari zai zaɓi mutanensa da kansa, a ba su horo na 'yan kwanaki, su dawo su zama bakin talaka a gaban ma'aikaci. A 1966 aka ƙara da sabon tsarin kasuwar gujiya, inda manoma ke naɗa masu awo da masu rubutu daga cikinsu, a kuma mayar musu da rarar kuɗi bayan an rufe kasuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya shekara ana cutarsa a bakin sikeli. Dattawa da yawa sun shiga yaƙi da jahilci ne kawai don su iya karanta kilo da idonsu.

Matsalar tana wurin zaɓen. Wani Ba'amurke mai bincike, Robert Charlick, ya zauna a ƙauyukan Matamaye a wancan zamani, kuma abin da ya gano ba zai ba ɗan ƙasa mamaki ba: sau da yawa wanda "gari ya zaɓa" ɗan mai gari ne, ko ƙanensa, ko baransa. A wasu garuruwan ma, inda ake tsoron duk abin da ya fito daga hukuma, sai a tura wanda ba a jin maganarsa, don a rabu da baƙi lafiya. Ko ta wace hanya, iri da taki da garmar shanu sukan fi sauka a gidan da yake da ƙofa zuwa fada. Babu wata doka da ta ce kada a ba talaka. Hanyar ce aka bi da ita ta zauren masu hali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sha'anin mata. Malamin gona yana magana da mai gida, domin shi ke riƙe da gandu, sunansa ne a takardar haraji, shi ne kuma ɗan ƙungiya. Alhali matan wannan yanki manoma ne na gaske. Suna da gamanarsu, suna shuka gujiya da wake da yakuwa da kuɓewa, su ne ke matsar mai su soya ƙuliƙuli. Da aka buɗe ɓangaren mata na animasiyo, ya fi ba da ƙarfi ga tsabta, da renon yara, da horar da ungozoma. Ba na raina wannan, ya ceci rayuka. Amma macen da ke buƙatar ingantaccen iri don gamanarta an koya mata dama kunu, wanda ta riga ta iya.

A shekarun 1970 aikin 3M, wato Mirya da Magariya da Matamaye, ya zo da kuɗin Turai da kayan noma a kan bashi. Bashin shanu da garma kuwa sai mai gona mai faɗi ke iya ɗaukarsa. Ana cikin haka fari ya faɗo, Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, cutar kuturtar gujiya ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Manoma suka koma hatsi da wake. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka tsuke, kuma idan gandu ya matse, gamanar mace ake fara haɗiyewa. Marthe Diarra da Marie Monimart sun nuna a bincikensu na 2006 kan kudancin Nijar yadda a wasu garuruwa kulle ya yaɗu daidai lokacin da ƙasar noma ta ƙare. Wadda ba ta da gona kuwa ba ta cikin lissafin malamin gona.

Dokar ƙasar noma ta 2 ga Maris 1993 ta ce albarkatun karkara na kowa ne, ba bambancin jinsi ko asali, kuma an tanadi kujerar mata a kwamitocin filaye. Magana mai kyau, amma wa ke bin diddiginta? A Amurka ma an daɗe ana ware baƙar fata a aikin malaman gona. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana, amma sai da manoma baƙar fata suka kai ma'aikatar noma kotu, aka yi sulhu a 1999. A can ana tilasta wa ofishin gona ya ajiye lissafin waɗanda ya kai wa hidima, a zo a duba. A nan rahoto yakan faɗi buhu nawa aka raba da kadada nawa aka noma, ba kasafai yake faɗin wanda aka tsallake ba.

In an tashi rabon iri ko injin ban ruwa a fadamun rake na ƙasar Kance, ina so a karanta sunayen a bainar jama'a, a ƙirga mata nawa ne a ciki, masu aron gona nawa, da Fulani da Buzayen da ke zaune a bayan gari.