Daga Madannai Zuwa Gilashi: Yadda Wayar Hannu Ta Koyi Rubuta Ƙ

Da yawanmu a waya muke rubuta labaranmu, shi ya sa maƙalar wannan mako za ta waiwayi tarihin abin da yatsunmu ke taɓawa kullum.

Waya mai allon taɓawa ba sabuwa ba ce. Tun 1994 kamfanin IBM ya fito da wata mai suna Simon a Amurka, amma ko shekara ba ta yi a kasuwa ba. Madannai ne suka ci zamaninsu. A Nokia 3310, wadda ta fito a 2000, sai mun danna lamba 7 sau huɗu kafin harafin "s" ya bayyana. Wahala ce, amma yatsa ya haddace hanya. Akwai ɗan tudu a kan lamba 5 da ke nuna wa makaho, da mai rubutu cikin duhu, inda tsakiya take.

Ranar 9 ga Janairu, 2007, Steve Jobs ya gabatar da iPhone. Hujjarsa ita ce madannin roba ba ya canzawa: yadda aka ƙera shi haka zai zauna, ko kana buƙatarsa ko ba ka buƙata. Gilashi kuwa yanzu ya zama allon rubutu, an jima ya zama taswira. BlackBerry, wanda ya yi suna da madannansa, ya gwada haɗa biyun a wayar Storm ta 2008, inda gilashin kansa ke dannuwa. Ba ta karɓu ba, kuma a 2016 kamfanin ya daina ƙera waya da kansa.

Da madannai suka tafi, alamomi suka gaji aikinsu. Wayar Android ta farko, HTC Dream ta 2008, tana da madannai na gaske. A Galaxy Nexus ta 2011 sun koma zane a ƙasan allo: kibiya ta komawa baya, hoton gida, da alamar manhajojin da aka buɗe. A 2014 Google ya mayar da su alwatika da da'ira da murabba'i. Sun yi kyau a ido, sai dai hoton gida yana faɗin ma'anarsa da kansa, da'ira kuwa sai an koya maka. A 2017 iPhone X ta kawar da madannin gida, a 2019 kuma Android 10 ta kawo shafa kawai, babu alamar da za a danna. Shi ya sa har gobe wasu iyayenmu ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila: abin da hannu ya ji, ba ya ɓata.

To, ina ribarmu? Madannan Nokia an zana su da haruffan Turanci 26, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Shekaru muka yi muna rubuta "kafa" muna nufin ƙafa, "baki" muna nufin baƙi, mai karatu na ta canki-canka. Canzawar nan ta gilashi ita ta ba harshenmu wuri. Yau idan muka ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, haruffanmu masu lanƙwasa suna nan a ƙarƙashin yatsa.

Uzurin da muke da shi a zamanin 3310 ya ƙare. Wanda ya rubuta "ya dauki bakin da suka zo zuwa daki" a 2005, wayarsa ce ta gaza. Wanda ya rubuta haka yau, shi ne bai shiga saitin wayarsa ba. Kafin mu ɗora babi na gaba, mu ba wannan gyara minti biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.