Suna linzami: tarihin wata tashar jirgi a birnin Landan

Hausawa na cewa suna linzami ne. A manyan birane irin su Landan, inda jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, ke ɗaukar miliyoyin mutane kullum, wannan magana ta shafi har cinikin ɗan kasuwa. Baƙo bai san unguwa ba, taswirar jirgi ya sani. Sunan da ya gani a kanta, can yake sauka, can kuma yake kashe kuɗinsa.

A gabashin Landan akwai wani tsohon titi mai suna Brick Lane, wato lungun tubali, domin a da can ake toya tubalin gini. Titi ne na baƙi tun fil azal. Faransawa ƴan Furotesta da suka gudu daga ƙasarsu bayan 1685 sun zauna nan suna saƙar siliki. A 1743 suka gina majami'a. Da Yahudawan gabashin Turai suka cika unguwar, ginin ya zama wurin ibadarsu a ƙarshen ƙarni na 19. A 1976 kuma ya koma masallaci, bayan zuwan mutanen Bangaladash, galibinsu daga yankin Silhet. Su ne suka buɗe gidajen abinci masu miyar yaji da ake kira kori, har titin ya shahara da su.

Sai dai sunan Brick Lane ba ya cikin taswirar jirgi. Tashar da ke kusa da bakin titin ta kudu sunanta Aldgate East. An buɗe ta a 1884, aka gusar da ita zuwa mazauninta na yanzu a 1938. Ƙaramar tashar Shoreditch da ke ɗaya gefen kuwa an rufe ta a watan Yuni na 2006. A wannan zamani ne wani ɗan majalisar ƙaramar hukumar Tower Hamlets ya taso da kiran a mai da Aldgate East ta zama Brick Lane kafin wasannin Olamfik na 2012, domin baƙin da za su zo su san hanyar shaguna da gidajen abincin.

Masu wannan kira suna da abin kafa hujja. A 1932 Herbert Chapman, mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Arsenal, ya matsa har aka canja sunan tashar Gillespie Road ta ɗauki sunan ƙungiyarsa. Har yau tsohon sunan yana nan rubuce a bangon tashar. Amma abin da mai ƙwallo ya samu, masu tukunya ba su samu ba. Canja suna ba fenti kaɗai ba ne: sai an sake taswirori, da alluna, da sanarwar cikin jirage. Ga shi kuma Aldgate sunan ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar Landan ne, kamar yadda muka san ƙofofin birnin Damagaram. Share shi share wani tarihin ne. Hukumar sufurin birnin ba ta amince ba, tashar tana nan da sunanta.

Duk da haka al'ummar ta shiga littafin birni ta wasu ƙofofi. A 1998 aka sa wa wani lambun shaƙatawa sunan Altab Ali, matashin ma'aikacin ɗinki da masu ƙin baƙi suka kashe ranar 4 ga Mayu 1978. Mazaɓar unguwar ta zama Spitalfields da Banglatown. A 2022 aka rubuta sunan tashar Whitechapel da harshen Bangali.

Gidajen abincin fa? Binciken da cibiyar Runnymede ta fitar a 2020 ya nuna sun ragu daga kimanin 60 a tsakiyar shekarun 2000 zuwa 23. Tsadar haya da sabbin shagunan masu hannu da shuni na cikin abin da ya ture su. Ko da an canja sunan tashar, da wuya allo ya biya wa mai shago haya. Suna yakan jawo baƙo har bakin ƙofa, amma sai in ya tarar da mai gida a ciki.