Tarihin Naman Sa A Tukunyar Bahaushe

In mutum ya tsaya a rumfar mahauta da hantsi, zai ji masu cefane kowa da abin da ya ke tambaya. Wannan ya ce a yankar masa tozo, wancan ya ce awaza, wata yarinya kuwa an aiko ta neman ƙafa da bindi. Sa ɗaya aka yanka, amma in an je gida kowane yanki da irin dahuwar da za a yi masa. Abubuwa uku ne suka koya wa mutanen ƙasar Hausa wannan sani, watau irin shanun da su ke samu, da zafin ƙasarsu, da kuma tsadar nama.

Tun zamanin da, yawancin shanun ƙasar nan a hannun Filani su ke. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, Filani suka zo daga Malle. Sarki Kutumbi kuwa, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne Sarkin Kano na farko da ya karɓi jangali daga gare su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki wannan haraji a cikin Kitabul Farƙi, amma duk da haka bai mutu ba, har Turawa suka zo suka ci gaba da karɓarsa.

To, mai karatu zai ce me ya haɗa jangali da tukunyar miya? Ga abin da ya haɗa su. Bafilatani ba ya son rabuwa da dabbarsa sai dole, ko don biyan jangali, ko don sayen hatsi da gishiri da tufafi. In dolen ta zo, ba zai ɗauki karsana ko saniya mai nono ya kai kara ba. Sai ya zaɓi guzuma wadda ta daina haihuwa, ko sa wanda ya daɗe yana bin garke. Dabbar da ta yi shekaru tana tafiya rani da damina wajen neman ciyawa da ruwa, namanta tauri gare shi. Shi ne naman da ya fi shiga gidajen talakawa shekara da shekaru.

Saboda haka matan gida suka gane cewa jikin sa kashi biyu ne. Akwai wuraren da su ke aiki kullum, kamar wuya da karfata da ƙirji da ƙwauri da bindi. Waɗannan cike su ke da jijiya. In an sa su a wuta mai ƙarfi sai su ƙanƙance su yi tauri, haƙori ya kasa. Amma in an sa su a tukunya da ruwa, aka rage itace, aka bar su suna dahuwa sannu a hankali, sai jijiyar nan ta narke, ta ba romo danƙo, naman ya saki ƙashi da kansa. Ɗan gutsuren kanwa ya kan gaggauta aikin. Akwai kuma wuraren da ba su wahala, kamar tsokar gadon baya. Wannan taushi gare ta tun tana ɗanya, ba ta son daɗewa a wuta, gama in ta daɗe sai ta bushe. Haka hanta da ƙoda. Tozo kuwa, da ya ke kitse ya ratsa cikinsa, shi ke shafa wa kansa mai a kan wuta, shi ya sa ya zama abin marmari wajen gashi.

A kan wannan ne aiki ya rabu tsakanin kasuwa da gida. A kasuwa akwai mahauta, da shugabansu Sarkin Fawa, wanda ke lura da yanka da tsarin rumfuna. Su ne masu gashi, su ɗauki tsoka mai taushi su yi tsire da balangu. Wani Baturen Birtaniya mai yawon duniya, Kyaftin Kilafaton, ya sauka Kano a 1824, ya kuwa rubuta abin da ya gani a kasuwa. Ya ga an hura wuta an kewaye ta da tsinkaye, a kowane tsinke an jera tsoka da kitse bi da bi, mutane suna zaune suna ci. Ya kuma lura da wayon mahauta, yadda su kan tsaga nama don a ga kitsensa. Tukubar mai tsire ta yau jikanyar waccan ce. Amma sauran jikin sa, wanda shi ya fi yawa, gida a ke kai shi, nan ne tukunya ke yin abin da garwashi ba ya iyawa. Awaza da ƙirji su shiga miyar kuka ko ta kuɓewa, kitsensu ya tashe ta. Ƙashi mai ɓargo kuwa ko ɗaya ne ya isa ya ba miyar gida guda ɗanɗano.

Abu na biyu shi ne zafi. A ƙasar da nama ba ya kwana ɗanye sai ya ɓaci, tilas a san hanyar ajiye shi. Nan ma kowane yanki da dabararsa. Cinya tsoka ce zalla, ba kitse da yawa, don haka ita a ke feɗewa falle-falle a shanya a rana, a tsoma a laɓu, a sāke shanyawa, sa'an nan a ɗan kara a wuta, ta zama kilishi. Ita ce kuma matan gida su ke dafawa har ta yi laushi, su daka a turmi, su soya, ta zama dambun nama. Wani naman a kan yanka shi tsaye-tsaye a rataye ya bushe, shi ne yawara, wani kuwa a yi bandarsa da hayaƙi. Mai kitse a kan soya shi a cikin mansa, a ajiye soyen a tukunya, kitsen da ya narke ya daskare ya zama kakide, a riƙa ɗiba ana sa wa miya. Da irin wannan guzuri fatake su ke tafiya Gwanja, alhazai su ke bin hanyar gabas da ƙasa. Sai dai a sani, gyaɗa da barkono asalinsu daga Amurka su ke, bayan shekara ta 1500 jiragen Turawa suka kawo su Afirka. Ke nan ƙuliƙulin da a ke barbaɗa wa tsire baƙo ne a kan naman kansa.

Abu na uku shi ne tsada. Talaka ba kullum ya ke ganin nama ba, sai ranar kasuwa, ko suna, ko biki, ko salla. Wani lokaci mutanen unguwa su kan haɗa kuɗi su sayi sa su yanka, su kasa shi daidai da yawansu, shi ne watanda. A kowane kaso a kan sa tsoka da ƙashi da kitse da kayan ciki, don kada a cuci kowa. Wanda ya kai irin wannan kaso gida, dole matarsa ta san yadda za ta yi da kowane gutsure. Tumbi da hanji a wanke su sarai a yi farfesu. Kai da ƙafa a babbake, a kankare, a dafa su tun safe har yamma su zama ragadada. Ko fata ma a kan babbake ta a yi ganda.

An kuma taɓa yin babbar annobar bushiya. Ciwon ya shigo Afirka a 1887 ta bakin Bahar Maliya, cikin shanun da sojan Italiya suka kawo, ya iso ƙasashen nan wajen 1890 da 1891. Mafi yawan shanu suka mutu, Filani da yawa suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Aka sa wa annobar suna Sannu, don gaisuwar jaje da a ke yi wa masu shanu. Daga baya aka kafa ma'aikatar binciken ciwon dabbobi a Bom a 1924, aka shiga yi wa shanu allura, sai a 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

A tsakanin nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Shanun da a da a ke korawa da ƙafa zuwa Kudu, aka fara ɗora waɗansu a jirgi. Mahauta Hausawa suka bi su har Badun da Ikko, suka kafa tukubarsu, mutanen can suka kira tsire da sunan suya. Gashin kasuwa ya yi suna ke nan har ƙasashen waje, dahuwar gida kuwa ta tsaya inda ta ke, uwa tana koya wa 'yarta a bakin murhu.

Yanzu ga firji a gidaje da yawa, ga murhun gas, ga tukunya mai dafa nama da ƙarfin tururi. Amma jikin sa bai sāke ba, nama kuma bai yi araha ba. Maigidan da ya ce wa mahauci tsoka zalla ya ke so, ya biya kuɗi mai yawa, aka kai gida aka tafasa ta sa'a biyu, ya yi asara sau biyu, gama miyar ba ta yi danƙo ba, naman kuma ya zama kamar igiya. Da ya sayi ƙirji ko wuya ko bindi, da kuɗin ya ragu, miyar kuma ta fi daɗi. Saboda haka kafin a fita cefane, a tambayi uwargida abin da za ta dafa. In gashi ne ko suya, a nemi gadon baya ko tozo. In dambu ne, a nemi cinya. In kuwa miya ce, a nemi mai ƙashi da jijiya, a ba shi lokaci a kan wuta, gama masu iya magana sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa.