Barin maganin ciwon damuwa: Abin da ya kamata a sani

Likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa barin maganin ciwon damuwa rana tsaka na iya jefa mutum cikin wani sabon laulayi, ko da kuwa ya samu sauƙin cutar da ta sa aka ɗora shi a kan maganin.

Batun ya fi shafar mazauna karkara kamar ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi a gabashin jihar Kano, inda ganin likitan ƙwaƙwalwa kan buƙaci tafiya ta hanyar Wudil zuwa asibitin Malam Aminu Kano, ko kuma asibitin Dawanau. A irin waɗannan wurare ba kasafai mutum ke barin magani don ya shirya ba. Ƙarewa yake yi, ko kuɗin mota su gagara, ko aikin damina ya hana komawa asibiti. Tsadar magunguna tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 ta ƙara tsananta lamarin.

Me ke jawo laulayin?

Magunguna irin su Amitriptyline da Fluoxetine suna sauya yadda wasu sinadarai ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa. Bayan makonni ana sha, jiki yakan saba da su. Idan aka yanke kwatsam, sai ya ɗauki lokaci kafin ya daidaita.

Alamomin kan fara ne cikin 'yan kwanaki. Sun haɗa da jiri, tashin zuciya, ciwon kai, zufa, rashin barci, munanan mafarkai, saurin fushi da faɗuwar gaba. Wasu kan ji wata fizga a ka kamar ta wutar lantarki.

Magungunan da ke saurin fita daga jiki, kamar Paroxetine da Venlafaxine, su suka fi haddasa haka. Fluoxetine kuwa yana daɗewa a jini, shi ya sa barinsa ya fi sauƙi.

Mutum nawa abin ke shafa?

Wani nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa a 2024, wanda ya tattara bincike 79 a kan mutane sama da 20,000, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida ko bakwai ne ke samun alamomin da barin maganin ya jawo kai tsaye, yayin da kusan uku cikin ɗari ke samun masu tsanani. Wasu masana dai na ganin adadin ya fi haka ga waɗanda suka yi shekaru suna sha.

A da ana cewa laulayin ba ya wuce mako ɗaya ko biyu. To sai dai a 2019 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta gyara matsayinta, ta ce ga wasu mutane yakan yi tsanani, ya kuma ɗauki watanni.

Jaraba ce ko cutar ce ta dawo?

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, iyalai da dama ke ɗari-ɗari da duk wata ƙwaya da aka daɗe ana sha. Amma maganin damuwa ba ya sa maye, kuma mai shansa ba ya ƙishirwar ƙara yawansa kamar mai shan tiramadol. Sabo ne na jiki, ba shaye-shaye ba.

Haka nan akwai bambanci tsakanin laulayin da dawowar cutar. Laulayin kan zo da wuri, da alamomin jiki waɗanda mutum bai sani ba a da, kuma yakan lafa cikin 'yan kwanaki idan an koma kan maganin. Ita kuwa cutar sannu a hankali take dawowa, sau da yawa bayan makonni.

Da yake zufa da ciwon jiki sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, wasu kan tafi kemis su sayi maganin maleriya. Wasu kuma kan danganta mafarkan da fizgar da iska ko sammu. Addu'a ba ta hana a shaida wa ma'aikacin lafiya sunan maganin da ranar da aka daina sha, domin wannan bayanin ne ke warware ruɗanin.

Yaya ake barinsa?

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a ci gaba da shan maganin aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Daga nan sai a riƙa ragewa mataki-mataki bisa tsarin likita, cikin makonni ko watanni. Ragin ƙarshe shi ya fi wuya, don haka akan ƙanƙanta shi yayin da adadin ke raguwa.

Idan alamomi suka yi tsanani, likita kan mayar da mutum adadin da ya bari, a jira jiki ya natsu, sannan a ci gaba a hankali. Ba a so a riƙa tsallake kwanaki, kuma ba kowace ƙwaya ake ɓarewa biyu ba.

Ga mai zuwa daga nesa, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya nemi ƙari tun kafin na hannunsa ya ƙare. Wanda ya kasa kaiwa Kano na iya zuwa babban asibitin Gaya ko cibiyar lafiya mafi kusa da katinsa da kwalin maganin.

Azumi ma ba dalilin yankewa ba ne, domin yawancin magungunan sau ɗaya ake sha a rana, kuma likita na iya mayar da lokacin zuwa bayan buɗa-baki ko sahur. Mai juna biyu kuma kada ta bari da kanta sai ta ji shawarar likita.

Yana da kyau mutanen gida su san cewa ana rage maganin, don su yi uzuri kan fushi da rashin barci. Mai jin jiri ya guji tuƙa babur ko mota.

Amma idan mutum ya fara tunanin hallaka kansa, ko ya rikice, ko ya kwana biyu bai runtsa ba, a kai shi asibiti nan take, kuma kada a bar shi shi kaɗai.